Ɗaso Ba Ta Cin Na Wuta

Mansur, Makka
6 ga Jimada Sani

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki, da babanki Kawu Nomau can ƙauye. Ki yi haƙuri da rubutun, Hausa ce da baƙin Larabci, shi kaɗai na iya. Na rubuta a takarda na turo miki hotonta ne don ba na son yin murya. Shaggar nan, wato sashen gidan da muke haya yanzu, in na yi tari Yaya Hashimu yana ji daga tasa, kuma kin san kunnen Ummi bai tsufa tare da ita ba.

Maganar Ummi ce, gwaggonki Ɗaso. Yau kwana tara ba ta sa abin da ya taɓa wuta a bakinta ba. Ba tuwo, ba shayi, ba ko romo. Gumba take jiƙawa ta lasa, sai dabino biyu ko uku, ga ta da ciwon sukari. Salla ba ta fasa ko ɗaya ba, hankalinta garau, jiya ma faɗa ta yi mini wai ban iya ninke zane ba. Amma in na kai mata kwano sai ta kau da kai ta ce, "Rana ba ta komo ba."

Abin ba sabo ba ne, shi ya sa da farko ban damu ba. Tun muna yara a unguwar Nakkasa muke ce masa ciwon Ummi. Sau ɗaya yake zuwa a shekara. Za ki ga ta fara yawan hawa soro bayan asuba, sai wata rana ta kashe murhu ta tura mu maƙwabta mu ci. Kwana uku take yi a haka. Rana ta huɗu ta sauko da fara'a, ta dama kunu ta raba wa duk layin. Kuma ba shi da wata. Na tuna shekarar da ya zo mata cikin azumi, da wadda ya zo a kwanakin Mina, tana da tukwane bakwai na abincin alhazai, ta bar mini su ta koma gefe ta zauna. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya kai ta wajen masu ruƙiyya har ya gaji ya ƙyale ta.

Bana ne ya ƙi tafiya. Kin san an rushe unguwarmu, gidan da kika sauka lokacin umararki yanzu fili ne. A hawan ƙasa muke, tagarmu bangon wani gini take kallo. Daktora ta ce in aka ƙara mako biyu a haka, sai an kwantar da ita an sa mata roba ta hanci. Ummi ta ce ranar da aka sa mata roba mu tanadi likkafani.

Ke kika tashi a garinsu. Ni iyakar abin da na sani, ta musulunta tana da shekara sha takwas, ta bi Baba suka taho ta Sudan a ƙasa, ba ta sake komawa ba. In kin san wani abu ki gaya mini, ko da mara daɗi ne. Tsoro nake ji, Rabi.

Ki gaida kowa da kowa.
Taki, Khairiyya

*

Malumfashi
9 ga Disamba

Khairiyya 'yar mace,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jikoki na gaida kakarsu ta Makka mai rowar dabino. Na karanta wasiƙarki da gilashi biyu. Na yi dariya, daga baya na yi kuka, kuma duk ke kika ja.

Shekara hamsin da ɗoriya kuna zaune da mace ba ku gane ta ba, don ku mutanen Makka komai da wata kuke ƙirga shi. Kin ce ciwon ba shi da wata. Ina zai samu wata, Gwaggo da rana take ƙirga? Ki zauna ki tuna, azumin nan ba na sanyi ba ne? Hajjin nan fa? Watanninku ne suke ta zagayawa, ita tana nan inda take.

Ba ciwo ba ne. A garinmu Dutsen Marke, tun kakanninmu Maguzawa, akwai abin da ake kira Komowar Rana. In sanyi ya kama, rana kullum tana matsawa kudu wajen fitowarta, yini yana gajarta, har ta kai wata tsaga a jikin dutsen da ke gabas da gari. In ta shiga tsagar nan sai a ce ta zauna. Ranar duk gari ake kashe wuta, a kwashe toka a kai gona. Kwana uku ba girki. Gumba ake ci da nono da ɗanyar gyaɗa, yara mu cure wuri guda don sanyi muna ta tsokanar juna. Duk masu gaba sai sun shirya cikin kwanakin nan, don ba a ɗibar garwashi daga gidan da ba a magana da shi. Safiya ta huɗu a hau dutse, mai wuta ya ƙyasta sabuwa, ya kira sunan 'yar'uwarsa, ta amsa ta karɓi garwashin farko, daga hannunta yake shiga gari. Sai kiɗa da rawa da kunun sabon gero. Gidanmu ne gidan wuta. Kakanmu ya yi, Baba ya gada.

Ba zan yi miki ƙarya in ce babu tsafi a ciki ba. Ana yanka kaza a gindin dutsen, ana shan giya. Amma ban ga kaza a labarinki ba.

Ga abin da nake zato. A soron Nakkasa Gwaggo ta samu alamarta, tana ganin ranar da za ta kashe wuta. Bana ba ta ganin gabas, sai ta ji tsoron kada kwanakin su wuce tana ci, ta kashe tun sanyin farko. Matsalar kuwa, wanda ya kashe ba ya sake hurawa sai sabuwa ta fito.

Kada ki yi gardama da ita. Ki ba ta nono da zuma kaɗan da ayaba, duk ba na wuta ba ne. Nonon kanti an dafa shi a kamfani, amma wannan tsakanina da ke ne. Lokacin yana faɗowa wajen ashirin da biyu ga watan nan namu. Ki nuna mata a kalanda.

Allah ya ba ta lafiya. Ki shafa mini kanta.
Uwar ɗakinki, Rabi'atu

*

Mansur, Makka
11 ga Jimada Sani

Rabi'atu,

Salamun alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Uwar ɗakin wa? Bari Ummi ta warke mu yi wannan shari'ar.

Wallahi na ji kunya. Na zauna na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, duk da rigar sanyi nake ganin kaina a cikinsu. Nonon ya karɓu, alhamdu lillahi, tana shan rabin kofi. Kalanda kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Takarda ta taɓa ganin fitowar rana?"

Sai na yi dabara. Shekaranjiya bayan asuba na ɗauki taksi na kai ta Nakkasa, na ce ta duba da idonta. Da ban kai ta ba. Ba gidajen kaɗai aka kwashe ba, tudun ma an yanke shi. Ta tsaya riƙe da hannuna tana neman tankin ruwan gidan maƙwabtanmu su Tahani, wai ta gefensa take auna rana da kafaɗar dutse. Babu tankin, babu soron, ba mu ma gane inda ƙofarmu take ba. Rana ta fito ta bayan wata motar haƙa. Ummi ta dube ta ta ce, "Ban san inda take ba, Khairiyya. Mai da ni."

A mota na ce mata, "Ummi, Rabi ta gaya mini komai." Sai da muka kusa gida ta ce Rabi ba ta san komai ba. Ta ce ranar da za ta bar gari babu wanda ya yi mata sallama, babansu ya shige ɗaki ya ja asabari. Kawu Nomau kaɗai ya biyo ta har bakin hanya, yana da shekara sha biyu, yana kuka yana cewa, "In na gaji wuta wa zan kira? Ke kaɗai gare ni." Ta ce masa, "Ka kira. Duk inda nake zan amsa, kuma ba zan ci na wuta ba sai ka hura."

Na gaya wa Yaya Hashimu, don ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba. Ya tashi tsaye ya ce wannan shirka ce, a cikin Makka, a gidansa. Ya shiga wajenta yana ja mata ayoyi. Ta bari ya gama, ta ce, "Ya waladi, ɗana, na yi ɗawafi da cikinka. Na san wanda yake fitar da rana, ban taɓa roƙonta ko ƙwayar gero ba. Ƙanena nake amsa wa." Ya fita, har yau bai sake shigowa ba.

Yanzu ta ce tunda idonta ba zai gani ba, mutum ɗaya ne zai ce mata rana ta komo ta yarda. Na san ita da Kawu ba su taɓa magana a waya ba, sai dai aiken zamzam da daddawa. Don Allah ki je ƙauye. Ranar da Kawu zai hura wutarsa ki kira mu, ta ji da kunnenta. Abu ne mai sauƙi, tunda dama duk shekara yana yi.

A gaida Kawu da kyau.
Khairiyya

*

Dutsen Marke
16 ga Disamba

'Yar'uwata Khairiyya,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da jinya. Yau babu tsokana. Kwana uku ina juya wasiƙarki na rasa ta inda zan fara.

Baba ba ya yi. Shekara tara ke nan ba a hura wuta a dutsen nan ba, kuma ni na hana.

Lokacin da aka zo neman auren 'yata ta biyu, wata daga dangin mijin ta ce a gaban mutane, ai jikar masu bautar rana ce. Na haɗiye, amma maganar ba ta bar raina ba. Dama gari duk an watse, wasu sun musulunta, wasu sun shiga coci, masu hawa dutsen ba su fi tsofaffi goma ba. Na zo gaida Baba, na shiga ɗakinsa na ɗauke ƙyastun gado, ƙarfen ƙyasta wutar, da ƙanƙararsa, na kai gidana na sa a ƙasan akwati. Ba a hura wutar da wani ƙarfe sai shi. Da lokaci ya yi ya nema bai gani ba, bai tambayi kowa ba. Na ce a raina na raba shi da wahala. Har umara na je na sauka a gidanku, Gwaggo tana tambayata ko Nomau yana nan da ƙarfinsa, na ce mata ƙwarai. Ashe abin da take tambaya ke nan.

Jiya na zo na durƙusa na ajiye masa ƙyastun a gabansa. Ya shafa shi ya ce, "Na san yana wurinki. Ɓera ba ya ɗaukar ƙarfe." Sannan na karanta masa wasiƙarki.

Khairiyya, ban taɓa ganin hawayen ubana ba sai jiya. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana tsayawa a kan dutse yana kiran Ɗaso, mutane na dariya a ɓoye, matar ƙanen babansu ce take karɓar garwashin a madadinta. Shi a zatonsa ta shiga Makka ta wanke hannunta daga gare su. Shi ya sa ba ya karɓar waya, wai kada ta ji muryar arne ta ɓata mata alwala.

Na roƙe shi ya hura gobe, ya ce mata lokaci ya yi, tunda ba gani take ba. Ya ƙi. Ya ce macen da ta riƙe masa magana shekara sittin ba zai biya ta da ƙarya ba. Yau da asuba na riƙe shi muka hau, ya ce saura kwana uku rana ta shiga tsaga. Wutar za ta kama ranar Lahadi ke nan. Na ce masa ban da kaza, ban da giya, in ba haka ba ba da ni ba. Ya ce kazar ma ba shi da ita.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki gaya wa Gwaggo zancen shekara taran nan. Ki riƙe mana ita zuwa Lahadi.

Ki yafe mini.
Rabi'atu

*

Mansur, Makka
16 ga Jimada Sani

Rabi,

Salam. Ba ni da abin da zan yafe miki. Ni da na yi shekara hamsin ina kiran alkawarin uwata ciwo, da wane baki zan yi miki faɗa? Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Jikin ya yi ƙasa. Tun jiya a zaune take salla, nonon ma ya koma cokali uku. Daktora ta zo gida ta sa mata ƙarin ruwa, ta ce ranar Lahadi da azahar in ba ta ci ba za ta turo motar asibiti, ko Ummi ta yarda ko ba ta yarda ba. Na ce mata tayyib, na ji.

Da na ce wa Ummi Kawu zai kira ta Lahadi, sai ta sa na ciro mata zanen saƙi daga ƙasan jaka, wanda ban taɓa ganin ta ɗaura ba. Ta tambaye ni ko muryarta ta tsufa da yawa.

Yaya Hashimu har yanzu bai yarda ba, kuma ban ce ya yarda ba. Amma ɗazu ya aiko da sabon gero mudu biyu daga kasuwar 'yan ƙasarmu, bai ce na mene ne ba. Ki faɗa mini ƙarfe nawa.

Allah ya kai mu.
Khairiyya

*

Dutsen Marke
Lahadi, 22 ga Disamba

Khairiyya,

Assalamu alaikum. Sabis ya ɗauke tun lokacin da kika ji shiru, na kira ya fi sau talatin. Ina rubuta wannan a kan dutsen, da ya dawo zan tura. Ban san iyakar abin da kuka ji ba, don haka ga yadda aka yi.

Mu shida muka hau, ni da Baba da tsofaffi huɗu. A hanya na ce masa a Makka rana ta fito tun awa biyu da suka wuce. Ya tsaya cak ya ce, "Ashe duk shekarun nan riga ni ci take yi?" Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Rana ta ɓullo daidai cikin tsagar, na kira ki, na ji kin ce ga ta, na kara masa wayar. Sai ya miƙo mini ita ya ɗauki ƙyastu. Ya buga ya fi sau ashirin, ya fasa ɗan yatsa, audugar rimin ko hayaƙi ba ta yi ba. Tsofaffin suka sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na ajiye wayar a kan dutse na durƙusa na kama hannuwansa cikin nawa ba. Na ce bismillah a fili, bai hana ni ba. A bugu na huɗu ta kama.

Daga nan ya yi abin da na roƙe ki kada ki yi. Ya sunkuya kan wayar ya ce, "Yaya, kafin in kira ki sai kin sani. Shekara tara ban hura ba, ban kira ki ba. Kin sha yunwa a banza. In kin ƙi amsawa ba ki yi laifi ba." Bai ambaci sunana ba. Sannan ya miƙe ya fuskanci gabas ya kira ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba, sau uku, yadda ake yi. Da na duba wayar ta riga ta katse.

Babu wanda ya ɗauki garwashin. Ya ce bana ba a taɓa shi sai ta amsa. Ga shi nan zaune yana ƙara masa kara, rana ta take, shi ma kwana uku ke nan bai ci na wuta ba, kuma ya ce ba zai sauka ba. Na ce masa wataƙila ba ta ji ba. Ya ce wataƙila kuma ta ji.

Ki gaya mini gaskiya ko wace iri ce. Ta ji? Ta amsa? Motar ta zo?

Ina jira.
Rabi'atu

*

Mansur, Makka
20 ga Jimada Sani

Rabi,

Wa alaikumus salam. Ummi ta ji duka, har kira na farko, sannan wayar ta katse. Ta amsa sau uku, wayar tana mace a hannuna.

Yaya Hashimu yana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce masa ya kunna gas, ni in ɗora tukunya. Ya kunna. Ta sha kunu kofi ɗaya da rabi, ta ce tsamiya ta yi yawa. Na sallami motar.

Ga saƙonta ga Kawu, ta sa na maimaita mata don kada in canza ko kalma ɗaya: "Ka ce shekara tara ba ka kira ba. To ni ban fasa amsawa ba, ko sau ɗaya. Ba ka da laifi a wurina, Nomau. Bari Rabi ta ɗaukar mini garwashin. Ka sauka ka ci abinci."

Mu duka muna gaishe ku.
Khairiyya